Baƙin Gilashi Mai Maganaɗisu: Yadda Muka Kama Tafiyar Ruwa A Hoto

Ku ɗauki waya ku rubuta "Gaya" a Google, ku danna wajen hotuna. Abin da zai fara cika muku ido shi ne wani gari mai wannan suna a jihar Bihar ta Indiya. Akwai kuma Gaya ta jamhuriyar Nijar, wadda ke bakin kogin Kwara daura da iyakar Benin. Tamu Gayan kuwa sai kun ƙara da "Kano" kafin ta leƙo, kuma ko ta leƙo, galibi hotunan taro da na gine-gine za ku gani. Ina gonakin geronmu? Ina hadarin Agusta da ke haɗowa ta gabas a bayan itatuwan kuka? Babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya ɗaukar mana waɗannan. In ba mu ɗauka ba, an bar su ke nan.

Wannan tunani ne ya sa mu uku, 'yan jami'a daga Gaya da Ajingi, muka ari kyamarar wani yayanmu mai ɗaukar hoton biki a hutun damina, muka hau mota zuwa bakin kogin Wudil. Burinmu shi ne irin hoton nan da ake gani a kalanda, wanda ruwa ke fitowa sumul kamar an shimfiɗa auduga, gajimare kuma kamar an ja shi da tsintsiya, amma bishiya da dutse suna nan daram. Mun ji an ce sirrin shi ne a bar kyamara a buɗe na tsawon lokaci. Muka saita sakan biyar, muka danna. Da muka duba, fari fat, kamar sabuwar takardar jarrabawa. Ba kogi, ba sama, ba ƙasa.

Me ya sa hoton ya yi fari?

Kyamara ɗaki ne mai duhu. A gabanta akwai ido na gilashi, a cikinta akwai ɗan faranti mai jin haske, a tsakaninsu kuma akwai ƙyaure. Idan kun danna, ƙyauren ya buɗe, haske ya faɗa kan farantin, ƙyauren ya rufe. Shi ke nan an yi hoto. Asalin wannan ilimi tsoho ne. Malam Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, a kife.

Ku ɗauki farantin nan tamkar bokiti, haske kuma tamkar ruwan famfo. Ana son bokitin ya cika daidai. In bai cika ba, hoto ya yi duhu. In ya tumbatsa, hoto ya yi fari. Da rana tsaka a ƙasarmu famfon a buɗe yake har ƙarshe, don haka ɗaya bisa 125 na sakan ya isa, ko da an tsuke idon kyamarar zuwa lambar f/16 an kuma sa ISO a 100. Mu kuwa sakan biyar muka ba shi, wato ninkin abin da ake bukata sama da sau 600. Dole ya tumbatsa.

Abin mamaki, masu ɗaukar hoto na farko akasin wannan matsala suka sha. Farantinsu ba ya jin haske da wuri. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, na wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce, a 1826 ko 1827, kuma ya ɗauki aƙalla awa takwas kafin ya kamu. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani titi mai cunkoso a birnin Faris. Da hoton ya fito, titin wayam, ba keken doki ba masu wucewa, domin duk abin da ke tafiya bai tsaya wuri ɗaya ba balle ya bar alama. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wannan hoton ya ƙunshi darasin gaba ɗaya: in ƙyaure ya daɗe a buɗe, abin da ke tsaye yakan fito tar, abin da ke motsi kuma ya zama hazo ko ya ɓace.

Tabarau ga kyamara

To, yaya za a yi a bar ƙyaure a buɗe da rana ba tare da bokiti ya tumbatsa ba? Sai a rage ƙarfin famfo. Wato a sa wa kyamara baƙin tabarau. Masu sana'ar suna ce masa filta, mu kuma mu ce matacin haske. Irin wanda ake nufi a nan ana rubuta ND a jikinsa, kuma aikinsa shi ne ya rage haske ba tare da ya sauya launi ba.

Lambar da ke bin ND ita ce ke gaya muku ninkin da zai rage. ND8 yana barin ɗaya bisa takwas na hasken ya wuce. ND64 ɗaya bisa 64. ND1000 kusan ɗaya bisa dubu. Masu son lissafi sun riga sun gano cewa duk ninkin biyu ne: 2 sau uku ya ba da 8, sau shida ya ba da 64, sau goma ya ba da 1,024. Kowane ninki ɗaya ana kiransa mataki ɗaya, shi ya sa za ku ji ana cewa gilashi mai mataki uku, mai shida, mai goma.

Lissafin aikin ma bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba. Ku duba lokacin da kyamara ta zaɓa kafin a sa gilashin, ku ninka shi da lambar gilashin. In ta ce ɗaya bisa 125, da ND64 zai koma kusan rabin sakan. Rabin sakan ya isa ya nuna jan zaren ruwa ba tare da ya shafe shi ba. Da ND1000 kuwa zai koma kusan sakan takwas, a nan ne kogi ke kwanciya lumui. Da la'asar sakaliya, in kyamara ta ce ɗaya bisa 30, gilashi mai mataki goma zai ba ku sama da rabin minti, lokacin da ya isa gajimare mai gudu ya ja layi a sama.

Da muka koma muka ba yayanmu labarin farar takardarmu, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya lalubo wani tsohon ND1000 daga ƙasan jakarsa. Irin mai zare ne, wanda ake murɗawa a bakin idon kyamara kamar murfin kwalba.

Ranar da zare ya ci mu

Ga inda gizo ke saƙar. Gilashi mai mataki goma baƙi ne ƙirin, har kyamara ba ta iya gani ta cikinsa balle ta daidaita hoto ya fito tar. Dole sai an cire shi, an tsara hoton, an daidaita, sannan a mayar. Duk lokacin da kuka matsa ko taku biyu ne, sai an sake. Zaren nan kuwa siriri ne ƙwarai. In hannu ya karkace kaɗan sai ya hau ba daidai ba. Kuma garin murɗawa sau da yawa mutum kan juya idon kyamarar, daidaitawar da ya yi ta tashi a banza.

A zuwanmu na biyu, rana ta kusa faɗuwa, sama ta yi ja, masu kwalekwale suna dawowa. Muka ce bari mu matsa gaba kaɗan. Gilashi ya ce bai san zancen ba. Yashi ya shiga zaren ya cije. Muka murɗa da hannu, muka murɗa da gefen riga. Kafin ya saki, jan ya tafi, ana ta kiran Magariba. A yankinmu, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, hasken da ke biyo bayan faɗuwar rana bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Wanda ya ɓata biyar yana kokawa da murfi ya yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu.

Wannan matsala ce ta sa kamfanoni irin su Kase da K&F Concept da Freewell suka fito da mai maganaɗisu. Dabarar mai sauƙi ce. Akwai siririn zobe da ake murɗawa a bakin idon kyamara sau ɗaya a bar shi a nan. Shi kuma gilashin yana da nasa zoben. Da kun kawo shi kusa, sai ku ji ƙas, ya manne. Cirewa ma da yatsa biyu ne. Ana iya ɗora wani a kan wani, misali ND8 a kan ND64, a sami mataki tara.

Abin da ya sa zobe siriri haka ke iya riƙe gilashi shi ne ƙarfin maganaɗisun zamani, wanda ake haɗawa da ƙarfe da sinadaran niyodimiyam da boron. A farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi, a Japan da Amurka, kuma irinsa ne ke cikin abin sauraren da kuke sawa a kunne. Mu 'yan Gaya ba baƙin ƙarfe ba ne. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka je dutsen Dala neman tama suka zauna a can, su ne Abagayawa. Labarin Bayajida ma ya ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura. Don haka ba abin kunya ba ne jikokinsu su tsaya su fahimci yadda zoben ƙarfe ke aiki.

A zuwa na uku mun sami aron mai maganaɗisu daga wata 'yar ajinmu. A yammaci ɗaya muka sauya wuri sau shida, muka dawo da hotuna huɗu da ba ma jin kunyar nuna wa kowa.

Kada ku ruɗu, yana da nasa aibin

Maganaɗisu bai ƙara wa hoto kyau ko ƙwayar zarra ba. Kyan hoto daga ingancin gilashin yake, da idon mai ɗauka. Abin da ya ba mu shi ne sauri kawai, kuma saurin da kuɗinsa.

Na farko, abin da ya manne da sauƙi yana iya fita da sauƙi. In igiyar kyamara ko karan dawa ya maƙale shi, sai ku ji shi a ƙasa, in a kan ruwa ne kuma sai dai haƙuri. Na biyu, ku tuna wasan da muke yi muna yara, mu ciro mayen ƙarfe daga lasifikar tsohuwar rediyo mu ja shi a cikin yashi, ya fito da baƙin gari a jikinsa. Haka zoben nan ke yi in ya taɓa ƙasa. Wannan garin in ya hau gilashi aka goge da ƙarfi, ya karce shi ke nan. A fara hurewa tukuna, sannan a shafa da tattausan ƙyalle. Na uku, zoben wani kamfani sau da yawa ba ya karɓar gilashin wani. Na huɗu, in kun ɗora biyu ko uku a kan ido mai ɗaukar fili da faɗi, kusurwoyin hoton kan yi duhu.

Sai batun girma. Kowane idon kyamara yana da faɗinsa a milimita, an rubuta a bakinsa kusa da wata alama mai kama da sifili da aka ratsa da layi: 52, 58, 67, 77, 82 da sauransu. Wanda ya sayi 58 alhali nasa 67 ne ya yi kyauta. Kafin ku hau mota zuwa Kano ko ku yi oda ta intanet, ku rubuta wannan lambar a takarda.

Wanda ba shi da kyamara fa?

Mun san akasarin masu karanta wannan shafi ko waya ma ta gida ce, sai an ara. Wannan bai hana komai ba. Wayoyi da yawa, har da na Tecno da Infinix da Samsung, suna da sashen da aka rubuta Pro a cikin kyamararsu. A nan za ku ga harafin S, ko wata alama ta lokaci, inda za ku iya ƙara tsawon buɗewar ƙyaure, da ISO wanda za ku mayar ƙasa can. A iPhone kuma, tun 2017, ana iya ɗaukar hoto mai ɗan motsi a juya shi ya zama na dogon buɗewa.

Sai dai ku san wani abu. Idon akasarin wayoyi a wangale yake kullum, ba a iya tsuke shi. Da rana tsaka waya kan ɗauki hoto a wajen ɗaya bisa 4,000 na sakan. Ko kun sa mata ND1000, abin da za ku samu bai wuce rubu'in sakan ba. Don haka mai waya ya jira la'asar sakaliya, ko ya yi sammako bayan Asuba, lokacin da haske bai yi ƙarfi ba. Bayan rana ta faɗi ma ba a bukatar gilashin sam, duhun da ke shigowa shi ne matacin, kuma kyauta ne. Akwai ƙananan gilasai na waya masu matsewa kamar abin shanya, akwai masu maganaɗisu. Ku lura, maganaɗisu mai ƙarfi dab da idon waya yana iya rikita na'urar da ke hana hoto rawa a wasu wayoyin.

Akwai kuma dabarar talaka. Baƙin gilashin da masu walda ke kare ido da shi yana rage haske fiye da ND1000: mai lamba 10 yakan kai wajen mataki goma sha uku. Ana samunsa a shagon kayan gini da araha. Ku ɗaure shi a gaban ido da robar ɗaure kuɗi, ku toshe gefe da baƙin ƙyalle don kada haske ya zurara. Hoton zai fito kore shar, amma in kun mayar da shi baƙi da fari, ba mai ganewa. Ku yi hattara da gefensa, yana yanka.

Yadda ake yi, daki-daki

1. Ku kafa kyamara ko waya a kan abin da ba ya motsi. Mai ƙafa uku ya fi, amma ɗan buhun yashi ko na gero a kan dutse ma yana yi. A hannu ba zai taɓa yiwuwa ba.
2. Ku tsara hoton ba tare da gilashi ba. Ku tabbata akwai abin da ke tsaye, kamar bishiya, dutse ko rumbu, da abin da ke motsi.
3. Ku daidaita har ya fito tar, sannan ku kulle daidaitawar don kada kyamara ta sake nema.
4. Ku rubuta lokacin da ta zaɓa, ku ninka da lambar gilashi.
5. Ku sa gilashin a hankali, ku shigar da sabon lokacin.
6. Ku sa agogon jinkiri na sakan biyu, ku danna, ku janye hannu.
7. Ku duba. In ya yi fari ku rage rabi, in ya yi duhu ku ninka.

Ina, kuma yaushe?

Damina ce kakar wannan aiki, musamman Yuli zuwa Satumba, lokacin da sama ke cike da gajimare, kududdufai da rafuka kuma suka kawo. Ku nemi kuka ko ɗorawa wadda ta tsaya ita kaɗai a gona, ku sa ta a gaba, hadari a bayanta. Da kaka, iska na kaɗa zangarniyar gero da dawa, sakan ɗaya ko biyu zai mai da gonar kamar ruwa, rumbu na tsaye a tsakiya. Ranar kasuwa, daga wuri mai tudu, za ku iya maimaita abin da Daguerre ya yi a Faris: rumfuna su fito, masu wucewa su zama hayaƙi. Da hunturu kuwa sama fayau take, ga ƙura mai shiga ko'ina, gara a adana gilashi a koma dare. A ƙauyukan Ajingi da ke nesa da fitilun gari, sakan ashirin zuwa talatin ba tare da wani gilashi ba zai fito muku da taurarin da ido bai gani ba.

Kogin Wudil ma ba kullum yake da fuska ɗaya ba. Ruwansa na zuwa ne daga kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a farkon shekarun 1990. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya ɗauke shi a Maris, ya dawo ya ɗauka a Agusta, ya maimaita shekara biyar, ya tara abin da malamin labarin ƙasa zai yi murna da shi.

Kafin ku fita

Kada ku kalli rana ta cikin ND, komai baƙinsa. Ba don wannan aka yi shi ba, kuma yana iya lalata ido ba tare da an ji zafi ba. Kada ku shiga ruwa ko ku tsaya a gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta, babu hoton da ya kai rai. In aka fara walƙiya, ku bar ƙarƙashin bishiya da fili ku koma gida. Ku gaya wa iyaye inda za ku, ku tafi da babba. Ku nemi izinin mai gona kafin ku taka masa shuka, ku nemi izinin mutane kafin ku juya musu kyamara, musamman mata da masu wanka ko wanki a bakin ruwa. Ku nisanci shingen jami'an tsaro. Kuma hasken da ya fi kyau yana zuwa ne dab da Magariba, don haka ku shirya yadda salla ba za ta wuce ku ba.

In makarantarku na da ƙungiyar kimiyya ko ta 'yan jarida, ku kai wa malamin fizis wannan shafi. Gilashin walda ɗaya, wayar malam ɗaya da buhun yashi sun isa aji guda ya ga darasin haske da na ninkin lamba da idonsa. In hoton farko ya fito fari fat, kada ku karaya, namu ma haka ya fito. Wanda ya yi kyau kuma, in za ku sa shi a intanet, ku rubuta sunan wurin a ƙasansa cikakke: Gaya, jihar Kano, Nijeriya.